Ruwan Maraba

Sau uku na yi sallama a zaure,
can cikin lungun Rijiyar Ɗorowa,
kwalabe shida na ƙara a jaka,
igiyar awo a naɗe, littafi ya sha gumi.
Ranar Sakkwato ba ta san ma'aikaci ba,
dukan da take wa jaki shi take wa mai biro.

Inna Ige ta ce a shigo.

Rijiyar na gindin dogonyaro,
simintin bakinta ya tsage gida uku,
murfin kwano, tsatsa ta ci rabi,
an danne shi da tsohon turmi.
"Modi ya gina ta da hannunai,
shekarar da na haihi Labbo.
Gaba goma sha ɗaya ya tahi
kahin ƙasa ta yi mai hawaye."

Na zura igiya. Gaba goma sha huɗu.
Ba sai na faɗa mata ba,
igiyar gugarta ta riga ni lissafi:
ƙulli biyar, kowanne bazara guda,
ruwa na ja da baya, tana bin sa da ɗori.

Injin da Labbo ya aiko daga kudu
na kwance a ɗan akurki kamar kaza mai kwanci.
Na kunna, ya yi tarin tsoho,
ya tofar da iska, ya tofar da laka,
sannan ya tuna aikinsa.
Robar bakinsa ta mutu. Na rubuta.

Ruwan kuwa garau,
ba wari, ba gishiri, ba ko ɗan tsutsa.
Da ido ne alƙali, da na sallami ƙara.

Sai na taka daga bakin rijiya zuwa katanga:
ɗaya, biyu, har takwas.
A bayanta sabon gidan haya,
ɗaki goma sha biyu, salga ɗaya,
an haƙa ta jingine da bango.
Mutane sun san iyaka,
ƙasa ba ta san katanga ba.

Na cika kwalba, na liƙa suna, na tafi.

Kwana biyu tana kan tagar ofis.
Ranar farko ta yi shiru.
Da asubar ta biyu ta yi baƙi ƙirin,
kamar an wanke allo a cikinta.

Na koma da la'asar.
Jikanta Jabbi na kwance a tabarma,
cikinsa na murɗa tun Talata.
"Zahi ne," in ji ta, "bana ya yi yawa."
Ta je randa, ta cika moɗa,
ta miƙo mini da hannu biyu.

Sanyinsa ya ratsa tafina.
Maƙogwarona ya ce sha.
Tarbiyyar gidanmu ta ce sha,
ba a mayar da ruwan tsohuwa.
Kwalbar cikin aljihuna ta ce a'a.

Na riƙe moɗar, ina duban fuskata a ciki.
Na shirya jawabi tun daga Gawon Nama,
kalma ko ɗaya ba ta iso da ni ba.

Ta dubi hannuna, ta dubi yaron,
ta daɗe tana duban rijiyar,
irin duban da ake wa ɗan'uwa
ranar da aka kama shi da ƙarya.

"Ba laihinta ba ne," na ce.
"Na sani," ta ce. "Ita ma shayar da ita aka yi."

Mun zuba magani, mun auna sabon murfi,
na rubuta takarda zuwa ga mai gidan haya,
ban san ko zai karanta ba.

Ta hura wuta, ta ɗora tukunya.
"Zauna," ta ce, "sai ya tahasa ya huce.
Ba ka hita gidan Modi da ƙishirwa."

Na zauna. Har aka kira magariba
muna jiran ruwa ya zama ruwa.